Mundaye Shida, Zane Ɗaya: Yadda Muka Rarrabe Azurfar Tasko

Akwatin da matar ta shigo da shi na katako ne, an shimfiɗa ƙyalle mai laushi a cikinsa, a kai kuma mundaye shida na azurfa a jere. Kowacce an ɗaura mata 'yar takarda da zare, kuma a kan takardun duka, da rubutun hannu ɗaya, suna ɗaya ne: Spratling. Mahaifiyarta ce ta rasu ta bar su uku, suna so su raba kayan ba tare da an cuci kowa ba. Buƙatarta a wajenmu ita ce mu faɗa mata wacce ce ta gaskiya, waɗanne ne jabu.

Shagon da nake aiki na tsofaffin kayan ado ne, a jihar Teksas ta Amurka, inda azurfar Meziko take yawan shigowa saboda kusancin iyaka. Uwar ɗakina ta haura shekara 30 a wannan sana'a, ni kuma aikina rubuta bayanin kowane kaya kafin a sa masa kuɗi. Da ta duba akwatin sai ta ce wa matar ta ba mu mako guda, domin tambayar da ta yi ba ta da amsa guda. Na rubuta wannan nazari ne saboda abin da makon nan ya koya mini game da rarraba kayan da zanensu ɗaya amma tarihinsu daban.

Daga nesa mundayen kamar tagwaye suke. Kowacce gaɓoɓi ce da aka harhaɗa, kowace gaɓa sanduna biyu ne na azurfa da suka gitta juna, a mahaɗarsu kuma akwai abu mai tudu, ko dutse ko ƙwallon azurfa. Babu fure, babu ƙyale-ƙyale. Irin salon zamanin nan ne da ya yaɗu daga shekarun 1930 zuwa 1960, wanda yake barin nauyin ƙarfe da tsabtar layi su yi magana da kansu.

Kafin a taɓa ko ɗaya, dole a san wane ne mai sunan da ke kan takardun, don tarihin maƙerarsa shi ne ma'aunin farko. William Spratling Ba'amurke ne, an haife shi a 1900, ya koyar da zanen gine-gine a Jami'ar Tulane da ke New Orleans. A 1929 ya tare a Tasko, wani gari da ke kan duwatsu a jihar Guerrero ta Meziko. A jikin tambura ana rubuta sunan garin Taxco. Garin ya daɗe da suna wajen haƙar azurfa, da arzikinta ma José de la Borda ya gina cocin Santa Prisca a shekarun 1750, sai dai ana haƙa ne a fitar, ƙira ba ta da wani ƙarfi a garin. Jakadan Amurka na lokacin, Dwight Morrow, shi ya ba Spratling shawarar ya waiwayi wannan giɓi. A 1931 ya ɗauko wani maƙerin zinariya daga garin Iguala mai suna Artemio Navarrete, suka buɗe maƙerar da aka sani da Las Delicias.

A nan akwai abin da masu saye suke yawan mantawa. Spratling mai zane ne. Yana zanawa a takarda, maƙera kuma su yanka, su buga, su liƙa. Maƙerar ta girma har ma'aikatanta suka kai ɗaruruwa, yara suna shiga a matsayin 'yan koyo su fito gwanaye. Daga cikinta Héctor Aguilar ya fita ya buɗe tasa a 1939, 'yan gidan Castillo ma haka a wannan shekarar, Antonio Pineda shi ma a can ya fara koyo yana yaro. Saboda haka duk munduwar da aka ce ta Spratling ce, hannun wani maƙerin Meziko ne ya ƙera ta, kuma galibi ba a san sunansa ba. Wannan yana damuna duk lokacin da na cike takardar bayani, domin gurbin sunan mai zane yana nan, na wanda ya ƙona yatsunsa kuwa babu.

Masu tara kayansa sun saba raba aikinsa gida uku. Zangon farko ya kama daga 1931 zuwa tsakiyar shekarun 1940, lokacin da yake ɗauko siffofi daga kayan tarihin mutanen Meziko na dā da kuma kayan gona irin su igiya da maɗauri, yana haɗa azurfa da amatis, wato dutsen nan mai launin shunayya, ko da katako mai duhu. Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyar kayan ado daga Turai, manyan kantunan Amurka suka juyo Tasko, aiki ya yi yawa, aka shigo da masu zuba jari, ƙarshe dai kamfanin ya kuɓuce masa ya kuma durƙushe. Zango na biyu gajere ne, a ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950, shi ne lokacin da ya yi zane-zane don wani shirin koyar da ƙira ga 'yan asalin Alaska, kuma wani kamfani a birnin Meziko mai suna Conquistador ya riƙa ƙera zanensa bisa yarjejeniya. Zango na uku shi ne na maƙerar da ya sake kafawa a gonarsa ta Taxco el Viejo, har rasuwarsa a haɗarin mota a watan Agusta na 1967. Bayan rasuwarsa maƙerar ba ta rufe ba. Alberto Ulrich ya saye ta, aka ci gaba da ƙera zanen marigayin da sunan magadansa.

Wanda ya riƙe wannan tarihi zai ga cewa zane guda yana iya fitowa daga hannaye da yawa, a shekaru daban-daban, kuma da dama daga cikinsu halattattu ne. Kamar aska takwas ce a gaban babbar riga: zanen ɗaya ne, amma wanda ya san ɗinki yana kallo zai gaya maka wannan aikin hannu ne, wancan na keke, wannan tsohon zare ne, wancan na bana. Shi ya sa uwar ɗakina ta hana ni rubuta "gaskiya" ko "jabu" a kan kowace takarda. Ta ce in tsaga tambayar gida huɗu: zanen wa ne, a wace maƙera aka yi, yaushe, kuma me ya sami kayan bayan ya bar maƙera.

Mun fara da tambura, da madubin ƙara girma mai ninki goma. A Meziko tamburan azurfa suna da tsari da ke taimakawa ƙwarai wajen sanin zamani. A 1948 gwamnati ta shigo da tambarin gaggafa mai lamba a ƙirjinta. Lamba 1 ta birnin Meziko ce, lamba 3 ta Tasko gaba ɗaya, manyan maƙeru kuma aka ba su nasu lambobin. Kayan Spratling ana ganinsu da 13 a zamanin Conquistador, sannan 30, daga baya 63. Wajen 1980 aka daina gaggafa aka koma haruffa biyu da lamba, harafin farko na gari, na biyu na sunan mai rajista. Sai kuma lambar tsabtar ƙarfe: 925 na nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ce zalla, saura yawanci jan ƙarfe. A farkon zamani maƙerun Tasko sun yi amfani da abin da ya fi haka tsabta, Spratling da 980, Aguilar da 940, Pineda kuma ya shahara da 970.

Munduwa ta farko ba ta ba mu wahala ba. A bayan gaɓa ɗaya akwai haruffan W da S a sarƙe, da sunan garin, da 980, babu gaggafa. Tambarin ya nutse sosai, gefensa da kaifi, ƙarfen da ke kewaye ya ɗan taso saboda bugun guduma. Na auna gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, babu biyu da suka zo daidai. Wata ta fi wata faɗi da kaurin gashi, a cikin kusurwoyi ana ganin sawun zarto da magagari. Duwatsun amatis ne da aka goge su suka yi tudu, launinsu ba ɗaya ba, wani ya yi duhu a gefe guda ya yi haske a ɗaya gefen, yadda dutsen ƙasa yake. Kowane gidan dutse an lanƙwasa shi ne daidai da dutsen da ke cikinsa. Mun rubuta: zanen Spratling, maƙerar Las Delicias, shekarun 1930, ba a taɓa ta ba.

Ta biyu ce ta fara sa ni kuskure. Ba ta da dutse ko ɗaya, ƙwallayen azurfa ne a mahaɗun. Ta fi ta farko siriri, a sikeli kuma ta gaza ta da kusan giram 14. Da na ajiye su gefe da gefe sai zuciyata ta ce wannan kwaikwayo ne na mai tsumulmular ƙarfe. Uwar ɗakina ta juya bayanta ta nuna mini tambarin da'ira mai haruffan nan biyu a tsakiya da sunansa a kewaye, da wani tambari mai siffar ƙwai a kusa da shi, irin na farkon shekarun 1940. Sawun hannu yana nan kamar a ta farko, liƙin gaɓoɓin ma iri ɗaya ne. Wannan ita ce abin da ake kira sauyin zane na cikin gida: maƙera ɗaya, zane ɗaya, an fitar da shi da dutse an kuma fitar da shi babu dutse, mai faɗi da siriri, gwargwadon kasuwa. A shekarun yaƙi, da ake cika odar manyan kantuna, irin wannan sauyi ba abin mamaki ba ne. Da na bi ganina na farko da na zubar da darajar kayan kirki saboda kawai bai yi kama da ɗan'uwansa ba.

Ta uku tana ɗauke da TS-24, rajistar magadan Spratling, saboda haka ba ta riga 1980 ba. Ƙirarta tsaf, gogewarta kamar madubi, duwatsunta girmansu ɗaya launinsu ɗaya. Zanensa ne, daga maƙerar da ke da haƙƙin yin sa, an yi ta bayan ya bar duniya. Ba ta yi wa kowa ƙarya ba, kuɗinta dai bai kai na biyun farko ba. Da gaggafa 63 ce a jikinta da aikin ya fi haka tsauri, don an yi amfani da wannan lamba a ƙarshen rayuwarsa da kuma bayan rasuwarsa.

A kan ta huɗu muka kwana biyu. Tambarinta irin na ta biyu ne, da'ira da ƙwai, duwatsunta amatis na gaske, ƙarfenta ma da muka gwada azurfa ce. Idan tambari kaɗai ake bi, ta wuce. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne yadda gaɓoɓinta suka yi daidai da juna fiye da kima. A gaɓa ta farko, kusa da ƙarshen sanda, akwai ɗan lotsawa kamar inda munduwa ta taɓa bugun ƙofa. Na duba gaɓa ta biyu, ga shi nan a wuri ɗaya. Ta uku ma haka, har gaɓa ta bakwai. Bugu ɗaya ba ya sauka sau bakwai a wuri guda. Abin da ya faru shi ne wani ya sami tsohuwar gaɓa ta asali, ya ɗauki siffarta a roba, ya zuba kakin zuma ya fitar da kwafi, sannan ya yi zubin azurfa. Lotsawar da ke jikin ta asalin sai ta bi kowane kwafi.

Da muka gane haka sai sauran alamomin suka fito fili. Haruffan tambarin sun yi laushi kamar an rubuta su a kan sabulu, ƙasan ramin yana da ƙuraje-ƙuraje maimakon santsin da bugun ƙarfe ke bari, ƙarfen gefe kuma bai taso ba, don ba a buga shi ba, tare da gaɓar aka zuba shi. A ƙarƙashin madubi akwai ƙananan huji irin na zubi. Inda ya kamata a ga layin liƙi tsakanin sanduna biyu, sai aka ga hoton layin kawai, ƙarfen a haɗe yake. Ma'auni ya ƙarasa maganar: kowace gaɓa ta ɗan gaza ta asali, saboda kaki da ƙarfe duka suna tsukewa idan sun huce. Duwatsun kuma an sa musu gam ne, domin gidajen da aka zuba ba su dace da su ba. Ita kaɗai ce a cikin shidan muka kira jabu, kuma dalilin kiran shi ne tambarin. Wanda ya yi ta ya ɗora sunan wani da zamanin wani a kan aikinsa don a biya shi kuɗin da ba nasa ba. Na ji takaicin abin, domin marigayiyar ta adana rasit ɗinta, kuma ita ce ta saya da tsada fiye da duk sauran na akwatin.

Kama da wane ba ta wane, amma ta biyar ta nuna mini cewa kamar ma iri-iri ce. Sandunanta sun ɗan lanƙwashe, a mahaɗun kuma obsidiyan ne, baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ke fitowa daga aman wutar dutse. A bayanta akwai haruffa uku na wani maƙeri, da 925, da gaggafa mai lamba 3. Aikin hannu ne mai kyau ƙwarai, ni a ganina liƙinta ma ya fi na ta biyu tsabta. A Tasko zane yana yawo daga maƙera zuwa maƙera tare da ma'aikata. Wanda ya shekara yana yanka gaɓa iri ɗaya, ran da ya buɗe tasa rumfar hannunsa ba zai manta ba. Wannan maƙeri ya ɗauki ra'ayin, ya sauya shi, ya sa sunansa. Takardar da marigayiyar ta ɗaura ce ta yi kuskure. Na cire ta na rubuta: aikin wata maƙerar Tasko, tsakanin 1948 da 1980, a salon da Spratling ya fara. Na daɗe ina ganin ana raina irin waɗannan kaya a kasuwa, ana sayar da su kusan da kuɗin nauyinsu, alhali su ne shaidar cewa garin ya koyi sana'ar ya mai da ita tasa.

Saura ta shida, wadda ta fi duka tsufa a ido. Gefunanta sun side, bayanta ya yi santsi irin na abin da ya daɗe yana gogar fata. Tamburanta kuwa suna musun juna. A bayan gaɓa akwai da'irar farkon shekarun 1940, ta kusa shafewa amma bugaggiya ce ta gaske. A kan maƙullin kuma ga gaggafa mai lamba 3, wadda babu ita a duniya kafin 1948. Mai gaggawa zai ce an haɗa tambura biyu don yaudara. Uwar ɗakina ta ce in bar tambura in dubi maƙullin shi kaɗai. Launin ƙarfensa ya ɗan bambanta da na jikin, harshensa ya fi kauri, liƙin da ya haɗa shi da gaɓar ƙarshe ya yi yawa har ya malalo, ba irin na sauran ba. Gaɓoɓinta shida ne, sauran masu wannan faɗi bakwai-bakwai. Cikin duwatsu shida, huɗu suna da ratsin launi irin na amatis, biyu kuma launinsu ya yi sumul, a cikin ɗaya akwai ƙaramin kumfa mai zagaye, fuskarsu duk ƙarce. Gilashi ne. Amatis yana mataki na 7 a ma'aunin taurin duwatsu, gilashi bai kai nan ba, shi ya sa shekarun da ba su yi wa huɗun komai ba suka cinye biyun.

Da aka jera waɗannan, tarihin munduwar ya karantu. An ƙera ta a maƙerar Spratling a zamanin yaƙi. Daga baya aka rage mata gaɓa ɗaya don ta dace da siririn hannu, maƙullin asali ya karye ko ya tafi tare da gaɓar da aka cire, wani maƙerin Tasko ya sa mata nasa bayan 1948, duwatsu biyu suka faɗi a wani lokaci aka cike gurbinsu da abin da ya samu. Tambaya ta huɗu, wadda na ɗauka ƙari ce kawai, ita ce ta warware wannan. Da muna da gida biyu kacal na ajiye kaya, da ko mun jefa ta cikin jabu mun zalunce ta, ko mun sa ta cikin na asali mun zalunci mai saye.

Mun yi saɓani da uwar ɗakina a kan abu ɗaya. Ita tana ganin a nemo amatis biyu masu kama a maye gurbin gilashin, a rubuta cewa an gyara, kuɗinta zai ɗaga. Ni ina ganin a bar ta yadda take, a rubuta duk abin da muka gani, wanda zai mallake ta ya yanke hukunci. Hujjata ita ce kowane gyara da aka yi da gwaninta yana ƙara wa mai nazari na gaba wahala, kuma takardar bayani tana ɓacewa, munduwa kuwa tana nan. Ba ta ce na yi daidai ba, ta dai ce a tambayi masu kayan.

Ranar da matar ta dawo muka jera mata mundayen da sababbin takardu, kowacce da layi huɗu. Ta farko ce ta fi daraja, ta biyu na bi mata, sai ta shida, sai ta uku, sai ta biyar. Ta huɗu kuma kuɗin ƙarfenta da duwatsunta kawai, da sharaɗin kada a sayar da ita da wannan suna. Ta yi shiru a kan ta huɗun na ɗan lokaci. Da muka zo ta shida na fara bayanin gaɓar da aka cire, sai ta tare ni ta ce ta sani, hannun mahaifiyarta ƙarami ne, kuma wannan ce take sawa kullum, sauran biyar a akwati suke zama. Na tambaye ta batun duwatsun gilashin, ko a canza. Ta ce a bar su. Ta ɗauki munduwar ta gwada a nata hannun, maƙullin bai kai ba, ta nannaɗe ta a ƙyalle ta sa a jaka, ta bar mana biyar ɗin mu rubuta wa 'yan'uwanta ƙimarsu.